Wa Zai Yi wa Kaka Spasiya Kuka?

Talata da Juma'a nake hawa da motar burodi daga Prilep zuwa Orlevo, ƙauyen da mutum goma sha ɗaya suka rage a cikinsa. A can na san Kaka Spasiya, mai kukan matattu ta ƙarshe a tsaunukan nan.

Mace ce ke yin wannan kukan, namiji ba ya yi. Za ta durƙusa gaban gawa tana rera magana da Makedoniyancin ƙauye, tana jan ƙarshen kowace magana har numfashi ya ƙare. Ta ambaci mamacin, gonar tabarsa, halinsa, sannan ta ba shi saƙo ya kai wa waɗanda suka riga shi. Shekara hamsin Kaka Spasiya tana yi. Ba ta iya karatu ba, kuma ba ta taɓa maimaita kuka ɗaya sau biyu ba. Tun da ɗanta Naum ya rasu a birnin Melbon, ƙetaren teku, aka binne shi a can, duk wanda ya mutu sai ta ba shi saƙon Naum.

Damuwarta ɗaya ce. "To ni wa zai yi mini?" take cewa in ta zo karɓar burodi. "Haka za a tura ni rami shiru, kamar an binne akuya?"

Maƙwabcinta Riste, tsohon makiyayi, ba ya ƙyale ta. "Shekara tamanin kina cika mana kunne, ai shirun hutu ne."

"Rufe mana baki, tsohon banza. Kai dai yi sauri ka mutu, in yi maka mai daɗi."

Bara da rani 'yar Naum, Blagitsa, ta zo daga Melbon hutun mako uku, ta ce za ta koya. Ta ajiye waya a kan tebur ta ce, "Kaka, rera in ɗauka."

Tsohuwar ta ture wayar. "A cikin gida? Ba gawa? So kike ki kira mana mutuwa? Wa za ta ɗauka, ni ko ke?"

Aka yi ta jira. Mako biyu ba wanda ya mutu. Ana saura kwana uku Blagitsa ta koma, Kaka ta dafa alkamar da ake kai wa matattu sadaka, ta ce in kai su maƙabarta, kabarin mijinta. Ta durƙusa ta fara, jikar tana bi. Harshen Blagitsa yana tuntuɓe a kalmomin da baƙaƙe ke cunkushe ba wasali, amma tana da murya, har Kaka ta gyaɗa kai.

"To yanzu ke kaɗai. Ba kakanki saƙo."

Blagitsa ta buɗe baki ta tsaya. "Saƙon wa, Kaka? Ban san kowa a nan ba."

Kaka ta nuna mata kaburbura ɗaya bayan ɗaya, tana faɗin wanda ya auri wa, wanda bai yafe wa ɗan'uwansa iyakar gona ba. Sun fi ɗari biyu. Can ta gaji, ta zauna a bakin kabari.

"Bar shi, 'yar nan. Ba laifinki ba ne. Ci alkama."

Kaka ta rasu cikin Janairu. Ƙanƙara ta toshe hanya, da kyar na kai limamin coci, Blagitsa kuwa ba ta samu zuwa ba. Mu bakwai ne a wurin binnewa. Da limamin ya gama addu'a, aka zo daidai inda Kaka takan durƙusa. Mata ukun da ke cikinmu suka kalli juna. Ba wadda ta iya.

Masu igiyar sauke akwatin gawa har sun kama, sai Riste ya ce su dakata. Ya cire hula, ya dafa akwatin. Bai rera ba, magana ya yi kamar yana ƙetaren shinge.

"Spasiya, kin riga ni, maƙaryaciya. Ke ce mai gonar barkono ta bayan coci, mai faɗa, mai kyauta. Ki gaida Naum, ki ce 'yarsa ta yi kama da shi. Ki gaida matata Tsveta, ki ce rufin ɗaki yana yoyo har yanzu."

Ya tsaya yana neman sauran, bai samu ba.

"Iyakar abin da na iya ke nan," ya ce. "Ku sauke ta."