Gilashin Keken Ɗanboyi

Ɗanboyi mai gyaran waya ne a bakin kasuwar Azare, amma shi cewa yake yi injiniya ne. Tun yana yaro in aka ba shi rediyo ya riƙe, sai a karɓe shi a cikin leda. Da ya girma ya koyi haɗa wasan waya, ya ƙera tseren keke napep daga Azare zuwa Jama'are, har da ramukan hanya.

Kwamfutar da yake aiki da ita ta Alhaji Zarami ce mai gidan mai. Shagon kuma na Hajiya Bara'atu ne mai atamfa. Kowa ya ce a rubuta sunansa a gilashin gaban keken da ke cikin wasan, shara-shara yadda direba zai ga hanya, kuma kada a kuskura a sa shi ƙarƙashin wani.

Ɗanboyi ya ɗora sunayen biyu wuri ɗaya, nisa ɗaya, don kada ran kowa ya ɓaci. Sai gilashi ya kama ƙifce-ƙifce. Alhaji ya fito, Hajiya ta ɓace, Hajiya ta fito, Alhaji ya ɓace.

Alhaji ya ce, "Kai, aljanu ne a ciki?"

"A'a Alhaji. Na'ura ce ta rasa wa za ta fara zanawa. Sai an matso da ɗaya gaba, ko da kaurin gashi ne."

"To matso da ni mana."

Hajiya ta aiko: in aka tura ta baya, ya kwashe tarkacensa kafin Juma'a.

Sai ya yi wasan kala biyu. A wayar Alhaji, Alhaji ne gaba. A ta Hajiya, ita ce. Gilashi ya tsaya cak, har ranar wani suna da suka haɗu, kowa ya zaro waya zai yi wa ɗan'uwansa burga.

Da la'asar suka dira shagon.

Hajiya ta ce, "Ɗan nan, mu za ka mayar yara?"

"Hajiya, na'ura ba ta san kunya ba. Dole ɗaya ya..."

Alhaji ya katse shi. "Na farkon nan mai ƙiftawa, sau nawa nake fitowa?"

"Daidai da Hajiya."

"To mayar da shi. Karɓa-karɓa kenan."

Ɗanboyi ya cire gyaran. Kwamfuta da shago suna hannunsa har yau. Masu wasan dai da ido ɗaya a rufe suke tuƙi, ba a cika samun mai kaiwa Jama'are ba. Maƙwabcinsa Chibuzo mai kemis ya matso da maganin ido kusa da ƙofa.