Ranar da Kachollom Ta Kai Baba Denis Hastings

Shekara goma sha huɗu Kachollom ta yi a Landan kafin ta taka bakin teku. Ba nisa ne ya hana ta ba, aiki ne. 'Yar Kuru ce, can kusa da Jos, kuma tun da ta sauka a unguwar Plumstead sana'arta kula da tsofaffi a gidajensu: ta yi musu wanka, ta ba su magani, ta dafa musu abin da haƙoransu za su iya taunawa.

Cikin tsofaffinta akwai Baba Denis, Bature ɗan shekara tamanin da bakwai, wanda ƙafa ta daina ɗaukarsa sai a keken guragu. Masunci ne a garin Hastings da ƙuruciyarsa, kafin neman abinci ya kawo shi Landan. Ga shi da mita. Shayi ya yi zafi, shayi ya huce, wa ya buɗe taga. Ma'aikata uku sun gudu kafin Kachollom. Ita ta zauna, don halinsa sak na kakanta.

Wata safiya tana yi masa aski ya ce, "Ina so in ga ruwan garinmu sau ɗaya kafin a binne ni."

"Baba, bar wannan magana."

"Ba wasa nake ba. 'Yata tana Kanada. Wa zai kai ni?"

Kachollom ta yi wa 'yar tasa waya, ta nemi izini a ofis, ta sayi tikitin jirgin ƙasa daga tashar Charing Cross a ranar hutunta.

Da suka isa, sai ta tarar bakin tekun ba yashi ba ne, tsakuwa ce zalla, kuma keken ya ƙi gaba. Ta tura har gumi ya keto mata duk da iskar da ake yi. Wasu masunta biyu da ke gyaran raga suka hango su. Tsohon ya faɗi sunan mahaifinsa, sai babban cikinsu ya ajiye abin da ke hannunsa, ya ce kakansa ya yi aiki a jirgin kamun kifin mutumin. Suka ɗaga shi da kekensa ɗungurungum, suka kai shi gindin jiragen da aka ja tudu. Baba Denis ya dafa jikin wani tsohon jirgi.

Ita kuwa Kachollom, babban ruwan da ta sani shi ne kududdufan haƙar kuza na gida, waɗanda mahaifiyarta ta hana su matsawa kusa. Ta tsaya daga nesa har tsohon ya ce, "Kin zo har nan ba za ki taɓa ba?" Ta cire takalmi ta matsa. Igiyar ruwa ta rufe mata ƙafa, sanyin ya ratsa ta har ka, ta koma baya da gudu. Ran nan ta fara jin dariyar Baba Denis.

Bayan sun ci soyayyen kifi, suka ɗauki tasi zuwa Fairlight, wani ƙauye a kan tudu, gidan Mama Margaret, matar marigayi ƙanen Baba Denis. Tsohuwar ta rungumi Denis, sannan ta tambayi Kachollom daga ina take.

"Najeriya, Mama. Wajen Jos."

Tsohuwar ta yi jim, kamar mai lalube a cikin akwati, sai ta ce da Hausa, "Sannu da zuwa. Ina gajiya?"

Kachollom ta kama baki. Ashe matar ta yi aikin jinya shekara biyar a wani asibitin mishan a Filato, tun tana budurwa. Hausar ta zube, saura gaisuwa da ƙidaya da sunayen abinci. Ta tambaya ko har yanzu ana gwaten acca. Suka yi ta hira har Baba Denis ya ce shi ma fa baƙo ne, ko ruwa ba a ba shi ba.

Ya rasu a watan Fabrairu, cikin barcinsa. 'Yarsa ta zo jana'iza, ta riƙe hannun Kachollom gam.

Tun daga nan, duk bayan wata biyu Kachollom takan hau jirgi ta duba Mama Margaret, da kula cike da gwate. Bara a watan Agusta ta ɗebi matan zumuntar cocinsu zuwa Hastings, su goma sha bakwai, har da maƙwabciyarta Hamdatu. Yawancinsu ba su taɓa fita daga Landan ba sai filin jirgi. A hanyar dawowa Hamdatu ta tambaye ta yadda aka yi ta san mutanen garin haka.

"Wani tsoho ne ya kawo ni," in ji Kachollom. "Allah ya ba shi hutu. Ni na ɗauka taimakonsa nake yi."