Jar Tuta a Gonar Baba Ƙarami

Shekarun baya can, lokacin ina koyarwa a wata firamare a Madawa, na tafka wani abu da har yau in na tuna sai in ji kunya ta lulluɓe ni. Lissafi nake koyarwa a lokacin. Ku riƙe wannan da kyau, za ku ga inda ya kai ni.

Kakanmu ya bar gona ɗaya babba a ƙauyenmu, can wajen Urno. Aka raba ta biyu tsakanin mahaifina da ƙanensa, wanda muke kira Baba Ƙarami. An yi takarda a ofishin magajin gari, kowa faɗin mita ɗari, aka dasa gamba a tsakani ta zama iyaka. Da mahaifina ya rasu, rabonsa ya dawo hannuna, ni nake noma wa mahaifiyata da ƙannena. Amma ni ina gari, sai hutun damina nake zuwa. Baba Ƙarami ne ke sa ido a gonar, in ciyawa ta riga ni zuwa ya sa a nome. Duk ƙauyen Mushe suke kirana, wato "Monsieur" na Faransanci, kamar yadda ake kiran kowane malamin lakwal, makarantar boko ke nan. Shi kaɗai ke ce mini "ɗana".

Wata shekara aiki ya riƙe ni ban zo da wuri ba. Da na zo na zaga gona, sai na ga gambar iyaka ba wadda na sani ba ce. Tsohuwar mai kauri ce, a karkace. Wannan sabuwa ce, siririya, a miƙe sambal. Na tambayi mahaifiyata, ta ce ruwan da ya gangaro daga dutse ne ya share ta, Babanku Ƙarami ya sake dasawa. Na ce shi da wa? Ta ce shi kaɗai mana, da wa kake so? Wannan "shi kaɗai" ta zauna mini a zuciya. A shekarar kuma geronmu bai yi yawa ba. Kowa ya san ruwa ne ya ɗauke da wuri, ni dai rumbun Baba Ƙarami nake kallo. Daga nan duk alherin da ya yi mini sai in juya shi in duba bayansa. In ya sa an nome mini gona, in ce me yake nema a ciki? In ya aiko da sabon gero, in ce ai nawa ne yake tsakuro mini. Shekara biyu ina ɗauke da wannan, ina gaishe shi da fara'a kamar ba komai.

Ana cikin haka, bayan kaka, wani abokina na ƙuruciya ya zo gida daga Yamai. Shi aikinsa a filin wasan golf yake. Ya fara da ɗaukar wa masu wasa jakar sanduna, a hankali ya iya, har yana shiga gasa. Ya zo da sanda biyu da 'yan ƙwallaye farare, wai kada hannunsa ya yi sanyi. Ni ma na leƙo ƙauye a lokacin, da la'asar muka fita wani fili da aka gama girbe shi, ya ɗaura jan ƙyalle a kan gora ya kafa can nesa, ya ce wannan ita ce tutar ramin da ake so ƙwallo ta faɗa. Ya ba ni sanda in gwada. Na zage iya ƙarfina na kai duka, ƙasa ta tashi ta cika mini baki, ƙwallo tana nan inda take tana kallona. Sau uku ina yi. Ya ce in bari haka, kada in haƙa rijiya a gonar mutane.

Sai ya zaro wata 'yar na'ura baƙa daga aljihu, ba ta fi tafin hannu ba, ya kanga a ido ɗaya ya danna. Ya faɗi lamba, ya zaɓi sanda, ya buga, ƙwallo ta faɗi dab da tuta.

"Wagga telemetir sunanta," in ji shi. "Ka ɗora ta ga ido, ka nuna tuta, ka danna, ta hwaɗa maka nisan. Wani Ba'amurke da nid daɗe ina ɗaukar ma jaka yab bar mani ita da za shi gida."

Na ce to wannan ba maguɗi ba ne a wasa? Ya yi dariya, ya ce da can an hana ta a gasa, yanzu an bari, amma nisa kaɗai za ka auna. Ya nuna mini wani maɓalli a gefe wanda ke lissafa tudu da gangare, ya ce in wasan nishaɗi ne kunna abinka, amma in aka kama ka da shi a kunne ranar gasa, ka jawo wa kanka hukunci. Ya ce shi ya sa masu golf suka fi kowa zargi, kowa yana murmushi yana satar kallon hannun ɗan'uwansa. Shi kansa an taɓa tsai da shi a tsakiyar wasa aka ce ya miƙo na'urar a duba.

"Kuma in na'ura ba taka ba ta," ya ƙara, "kak ka yarda da ita sai ka hwara auna wurin da kas san tsawonshi."

Wannan maganar ta ƙarshe ta shiga ta kunnen dama ta fita ta hagu. Tun da na ji kalmar nisa, hankalina ya bar golf ya tafi kan gamba.

Washegari abokina zai tafi Keita gaida surukansa, kwana biyu. Na ce ya ara mini na'urar da tutar, zan nazarce ta don in yi wa ɗalibaina bayani. Ƙarya ce tsagwaronta. Yana hawa mota na nufi gona. Na kafa jar tuta a can ƙarshen gonar Baba Ƙarami, na dawo na tsaya a kan gamba, na kanga, na danna. Ɗari da takwas. Na goge ido na sake. Ɗari da takwas. Na uku ma haka. Takarda ta ce ɗari. Ba zan ɓoye muku ba, abin da na ji ba baƙin ciki ba ne, daɗi na ji. Shekara biyu ina zargi, yau ga hujja a hannuna. Nan take na durƙusa ina lissafi a ƙasa da tsinke, mita takwas sau tsawon gona, ina ƙiyasta damin geron da aka cinye mana. Gonata tana bayana, juyawa kawai zan yi in auna ta, amma ko sau ɗaya hakan bai faɗo mini a rai ba.

Ashe wasu mata masu itace sun hango ni. Kafin azahar labari ya zaga ƙauye cewa Mushe ya kawo kayan masu awon ƙasa, ya kafa jar tuta, zai sayar da gonar gado. Bayan sallah Baba Ƙarami ya same ni a ƙofar masallaci, ya ja ni gefe.

"Ɗana, tutar mi ta nij ji an kahe cikin gonata?"

Na kau da kai na ce, "Baba, gobe gaban maigari za mu yi maganar."

Ya ce Allah ya kai mu, ya tafi. Mahaifiyata da ta ji, ta kira ni ɗaki ta ce in ina da magana in je in same shi a gida, ni da shi, in tambaye shi. Na ce mata wannan ba maganar tambaya ba ce, maganar lamba ce, lamba kuwa ba ta ƙarya. Haka na faɗa, da bakin nan nawa.

Da safe aka hallara a gona. Maigari da liman da dattawa, da duk wanda ba shi da abin yi, har da telan ƙauyenmu wanda ba a taro babu shi. Na tsaya na yi bayani dalla-dalla kamar ina gaban allo. Na miƙa wa maigari na'urar, ya fara kanga ta a juye, na gyara masa. Ya danna, ya karanto ɗari da takwas. Na ga wasu dattawa sun sunkuyar da kai, ni kuwa na gyara tsayuwa.

Baba Ƙarami bai ɗaga murya ba. Ya ce, "Tau, na jiya. A kai tutar can ƙarshen tashi, mu ga saura nawa nib bar mashi."

Da kaina na ciro tutar na kai, ina tafe ina cewa a raina casa'in da biyu za a gani. Na dawo kan gamba na danna. Ɗari da goma sha ɗaya. Na ce hannuna ne ya yi rawa, na sake. Ɗari da goma sha ɗaya. Maigari ya karɓa ya duba, ya faɗa da ƙarfi kowa ya ji. Wani daga baya ya ce, "Halan ƙasar ta kumbura da damina?" Aka fashe da dariya. Na ciro waya na kira abokina, na sa kowa na ji, don in nuna na'urar ce ta lalace.

"Lahiyarta lau," in ji shi. "Duba gehen lambar, wane harahi ka gani?"

Na kanga na duba. Wani ɗan mitsitsin harafi ne a kusurwa. Na ce Y.

"Yadi na, Mushe! Ba'amurke da yadi shika wasa, ni ma da shi nik koya. Halan ba ka auna wurin da kas sani ba? Wai mi kaka aunawa ma?"

Na kashe wayar. Tela ya matso yana tafa hannu. Ya ce ai wannan fagensa ne, kullum da shi yake rigima da masu kawo yadi daga Najeriya. Yadi bai kai mita ba, sai ka haɗa ɗari da tara kafin ka samu mita ɗari. Ni da nake sa yara su rera ma'aunai da baki kowace safiya, tela ne ya koya mini a gaban jama'a.

Amma dariyar ba ta daɗe ba, don liman ya yi nasa lissafin. In ɗari da tara ne daidai, ta Baba Ƙarami ta gaza, tawa ta yi sama. Wato gambar ta matsa da gaske, idona bai yi mini ƙarya ba, sai dai cikin gonarsa ta matsa. Maigari ya juya ya tambaye shi yadda aka yi.

"Sa'ad da ruwa yas share ta, ban gane daidai wurin ba," in ji shi. "Sai nim matso wajena taki biyu, don kak wata rana a ce na ci gonar marayu." Ya kakkaɓe rigarsa. "Ga shi kuwa an hwaɗa."

Ya ɗauki sandarsa ya kama hanyar gida. Kowa ya watse, aka bar ni da jar tuta a hannu.

Da yamma mahaifiyata ta sa ni gaba har gidansa. Na durƙusa na ba shi haƙuri, hawaye na zuba, ban ji kunyar matansa ba. Na roƙe shi ya bari in mai da gambar inda ya kamata. Ya ce a'a, a bar ta nan. Sannan ya dafa kafaɗata ya ce, "Ba komi, na yahe. Tashi, Mushe."

Mushe, ba "ɗana" ba. A wurin na ji ta, kuma na gane.

Abokina da ya dawo ya danne maɓalli ɗaya na ɗan lokaci, Y ta koma M. Abin da zai raba ni da wannan kunya ke nan, bai kai a sha ruwa a ajiye moɗa ba. Ya yi mini faɗa sosai, ya ce su a golf ko sun zargi mutum, sai sun duba na'urar tukuna kafin su buɗe baki. Na ce ya yi gaskiya. Amma ni na san ba na'urar ce ta yaudare ni ba. Na je gonar da amsata a aljihu, lamba kawai nake nema ta mara mini baya. Shi ya sa na auna tasa sau uku, tawa ko sau ɗaya.

Baba Ƙarami ya yi 'yan shekaru bayan haka. Bai canja mini a komai ba. In ciyawa ta riga ni, ya sa a nome. In an yi girbi, sabon gero ya iso gidana a Madawa. Ranar sunan ɗiyata shi ya zauna a matsayin uba. Duk wanda ya gan mu zai ce abin ya wuce, kuma ya wuce ɗin. Bayan rasuwarsa ni da babban ɗansa muka ɗauki igiya muka auna gonakin biyu, muka mai da gambar tsakiya, ba wanda ya ji kanmu.

Har yanzu in na ga wasan golf a talabijin, wani ya kanga 'yar na'urar nan a ido, sai in tashi in ba su wuri. Yara suna zaton wasan ne ba na so. Ba su san duk zuwan da na yi gaishe shi a shekarun nan, tun daga zaure nake kasa kunne in ji da wane suna zai amsa sallamata ba. Har ranar da na je duba shi yana kwance, kwana biyu kafin ya cika, ya buɗe ido ya gane ni, ya yi murmushi ya ce, "Mushe, ka zaka? Sannu da hanya."