Ranar da muka ɗora wa Alhaji hular kwano

Akwai abin da nake fata a ce ban yi ba, kuma tun da daga bakina shawarar ta fito, ni ya kamata in faɗa. Na naɗa wani mutum injiniya alhali bai taɓa riƙe ko sifana ba. Abin kunyar ma, ranar da na yi hakan ƙafata ba ta taɓa ƙasa don murna.

Shekarar da sojoji suka koma bariki ni ne sakataren reshen wata ƙungiyar injiniyoyi a Katsina. Ba don ilimi aka ba ni ba. A makarantar koyon sana'a na tsaya, gyaran injin ban-ruwa nake yi, amma ina da babur kuma ba na gajiya da raba takardar gayyata. Da siyasa ta buɗe, kowa ya bi ta. Taron wata-wata da ke cika ɗaki ya koma mu biyar, ɗaya ma gyangyaɗi yake zuwa yi. Duk wanda na tara a hanya sai ya ce, "Malam Sakatare, me ƙungiyar nan take tsinana mana?"

Sai dabara ta faɗo mini. Akwai wani Alhaji ɗan kwangila, jigo a jam'iyyar da ta ci zaɓe. Na ce mu mai da shi uban ƙungiya, mu ba shi sunan injiniya na girmamawa, mu ɗora masa farar hular kwano irin ta wurin aiki. Shugabanmu ya yi dariya har da hawaye, sannan ya ce a yi.

Wallahi kamar an buga ganga. Mutanen da suka shekara ba su leƙo mu ba suka riƙa sallama a gidana a Ƙofar Guga, wai a sa sunansu a kwamiti. Muka shiga Babbar Kasuwa muka zaɓi shadda ruwan toka ta anko, na kwana uku ina yawo tsakanin teloli kamar uban ango.

Ana cikin haka wani ɗan ƙungiya ya zo mini, injiniyan hanya, mutum mai shiru-shiru, cikin biyar ɗin da ba su taɓa fashin taro ba. Shi ke duba wani kwalbati da Alhajin nan yake ginawa can wajen Batagarawa. Ya ce rodin da aka sa ya yi siriri, ba zai sa hannu ba. Amma idan ya ƙi shi kaɗai, cire shi za a yi. Takarda ɗaya yake so mai hatimin ƙungiya, ta ce muna bayansa.

Na dafa kafaɗarsa na ce, "Haba Injiniya, ka bari a yi biki. In Alhaji ya zama namu, kunnensa ma za mu ja."

Ya ce, "Malam Sakatare, in ya zama namu, ni na zama na wa?"

Na yi dariya, na tambaye shi ko ya karɓi ankonsa.

Ranar taro ɗaki ya cika har tagogi. An zo daga Funtua, an zo daga Daura. Da aka zo ɗora hular kwano sai Alhaji ya ƙi cire doguwar hularsa, muka ɗora a kanta haka nan, tana rawa kamar murfin tukunya. Wani daga baya ya ce, "A sa mata jakin mota!" Ɗaki ya ɗauka da dariya. Alhaji ya kama ta da hannu biyu yana cewa, "To yanzu wa zai koya mini kwaɓa siminti?" Na yi jawabi na minti ashirin, rabinsa ban san me na ce ba, ana ta tafi. Ranar mutum goma sha suka ce in ba su fom na shiga ƙungiya.

Bayan sati biyu Alhaji ya je wurin kwalbatin sanye da hular. A gaban leburori ya ce wa injiniyan hanyar nan, "Ni ma injiniya ne, ƙungiyarka ce ta ba ni. Rodin ya yi." Mutumin bai sa hannu ba. Kafin wata ya ƙare aka mai da shi ofishin ajiyar fayil, wani ya sa hannun. Ya zauna can har ya yi ritaya, bai sake duba ko gadar ƙafa ba.

Na rubuta takardar daga baya, na buga mata hatimi, na kai masa gida. Ya karanta, ya gode mini da ladabi, ya miƙo mini ita, ya tambayi iyali. Bai sake zuwa taro ba.

Ku da ke riƙe da ƙungiyoyi yanzu, don Allah kada ku yi irin tawa. Idan ɗanku ya zo neman ku tsaya masa a kan aikinsa, ku rubuta masa takardar ranar, ko da ku biyar ne kawai a ɗakin.