Zumurrudun da Inna Ta Wanke

Tun yana yaro ake kiransa Tsakuwa, don ba a taɓa wanke wandonsa ba sai an zazzage duwatsu daga aljihun. Ranar da ya ce zai karanci ilimin duwatsu masu daraja, kawunsa ya yi dariya har da riƙe ciki. "'Ya'yan mutane na karatun likita, namu kuma zai karanci abin jifan kare."

Tsakuwa ya toshe kunne. Ya yi karatun, ya sha wuya, har wani mai shagon zinariya da duwatsu ya ɗauke shi gwaji. Maigidan nan mugu ne, ba ɓoye-ɓoye, amma a sana'ar bakinsa ne ƙofa. Wanda ya yaba ya shiga, wanda ya kushe ko goge zobe ba mai ba shi. Dokarsa ɗaya ce: dutse ba ya kwana a wajen shago.

Sai wata mata ta kawo zumurrudu a ɗora mata a zobe, kore shar. Tsakuwa ya sa shi ƙarƙashin gilashin dubawa, ya kasa ɗauke ido. So ya rufe masa hankali. Da aka tashi ya naɗe shi a takarda ya jefa aljihu, wai ya kalle shi a hasken safiya ya mayar kafin maigida ya iso.

'Yan sana'a sun san cewa zumurrudu yakan zo da tsage-tsage a cikinsa, sai a shayar da shi mai ya ɓoye su, kuma ruwan zafi da sabulu suna fitar da man. Inna, mahaifiyarsa, ina za ta san wannan? Da safe yana wanka ta shigo kwasar wanki, ta zazzage aljihu kamar yadda ta saba. Ta ga dutsen duk shaidar yatsu, ta jiƙa shi a tafasasshen ruwa da garin sabulu, ta dirje shi da tsohon buroshi.

Ta miƙa masa tana murmushi. "Ungo, ɗan nan. Kai ko kayan aikinka ba ka iya tsabtacewa."

Ya karɓa ya duba. Fararen layuka sun fito a cikin koren kamar tsagar tsohon bango. Ya ce, "Na gode, Inna."

Maigida bai ɗaga murya ba, da ma faɗan ya yi. Ya tara ma'aikata, ya miƙa wa Tsakuwa gilashin. "Malam mai karatu, gaya mana abin da kake gani." Ya sa shi ya bayyana tsage-tsagen nan ɗaya bayan ɗaya, sauran suna ƙunshe dariya.

"Wa ya wanke shi?"

"Ni ne."

"Dutse dai zan sake shayar da shi mai, ya koma yadda yake. Kai ne ba ka da gyara. Ajiye gilashin."

Kafin mako ya zagayo labari ya gama kasuwa. Duk shagon da ya leƙa sai a ce masa a kai kasuwa. Yanzu yana wurin kawun nan nasa mai sayar da kayan gini, yana lodin tsakuwa a mota, kawun kuwa ba ya gajiya da cewa ai ga abin da ya karanta ya samu.

Bai taɓa gaya wa Inna ba. Shi ya sa in baƙi suka tambayi aikinsa na da, a gabansa take taɓe baki. "Haka yake, ba ya gama abin da ya fara. Ni da har duwatsun nake wanke masa."