Dutsen da kakata ta yi taimama da shi

Shekarun baya, a shekarar da sojoji suka miƙa wa farar hula mulki, ina ajin ƙarshe a jami'a ina karatun duwatsu. E, duwatsu. Likita mahaifiyata ta so in zama, har yau ba ta gama hucewa ba.

Malaminmu ya ba ni aron wani dutse da ya taho da shi daga Turai, don in rubuta aikina na kammalawa a kansa. Bai wuce dunƙulen hannu ba, kore shar, da jajayen ƙwayoyi kamar 'ya'yan rumman. Asalinsa daga ƙasan teku yake. Ƙasa ta haɗiye shi, ya yi ta nutsewa har zurfin ya ninka tafiyar Kano zuwa Wudil, nauyi ya matse shi, zafi ya sauya masa kama, bayan miliyoyin shekaru ya sake fitowa sarari. Aikina shi ne in gano zurfin da ya kai da zafin da ya sha. Akan yanki ɗan ɓangare wanda bai kai kaurin fatar albasa ba, a leƙa ta madubin ƙara girma. Jajayen ƙwayoyin nan daga ciki suke girma zuwa waje, saboda haka tsakiyarsu na riƙe da labarin farkon tafiyar, gefensu na riƙe da na ƙarshenta.

Da aka yi hutu na taho gidanmu a Gyadi-Gyadi da ragowar dutsen. Sai in miƙe a soro da rana tsaka, rediyon maƙwabta na ta zancen rantsar da sababbin gwamnoni, ni kuwa hankalina na can ƙarƙashin ƙasa, inda ba rana ba iska, ina biye da ɗan dutsena yana gangarawa a hankali cikin duhu. Duk unguwa na lissafin shekara huɗu, ni ina lissafin miliyoyi, har ina jin na fi kowa.

A lokacin, sanyin ƙashi ya kwantar da kakata, ko ruwan ɗumi ta taɓa sai ta wuni tana nishi, don haka taimama take yi. Dutsenta ya ɓace da aka yi wa ɗakinta fenti, sai mahaifiyata ta ɗauki nawa ta kai mata. Ban hana ba, daɗi ma na ji.

Kwana goma sha biyu tana salla da shi. Ran nan na shiga gaishe ta na tarar tana shafa shi. Maigida take ce mini, irin wasan kaka da jika.

“Maigida, dutsen nan naka akwai sanyin taɓawa.”

“Sanyi, Inna? Da kin san wutar da ya sha!”

Na gyara zama na kwashe labarin kaf, har da ƙarin gishiri. Ban lura ba ashe ta janye hannunta.

“Gasasshe ne ke nan?”

“Ai Inna, tanderun gurasa wasan yara ne a kan zafin da ya gani.”

Ta yi salati. Ta ce tun tana yarinya aka karantar da ita ba a taimama da abin da aka ƙona, ko jan bulo ne. “Sallolina, Maigida. Ga ni da ƙafa ɗaya a kabari, da me zan je?” Sai hawaye. Ban taɓa jin na tsani bakina kamar ranar ba.

Maganar mutum ɗaya take yarda da ita a harkar addini, ƙaninta, malami ne a Tarauni. Na hau acaɓa da dutsen a aljihu. Ya karɓa ya jinjina shi, ya saurari bayanina, wannan karon a taƙaice.

“Wa ya hura wutar?”

“Ba kowa, Malam.”

“Ɗan Adam ya sa hannu?”

“A'a, lokacin ma babu mutane.”

“To, abin da aka hana shi ne wanda mutum ya ƙona ya sauya shi. Wannan haka Allah ya yi abinsa. Je ka gaya wa Yaya sallarta ta yi. Kai kuma ka rage surutu.”

Na kawo mata saƙon. Ta yi murmushi, ta yi hamdala, ta miƙa mini dutsen ta ce in adana kayan makaranta kada ya ɓace. Aka samo mata wani a bakin titi. Ni dai na ɗauka magana ta wuce, na koma makaranta na gama aikina.

Ba ta ga damina ta gaba ba. Bayan sadakar bakwai mahaifiyata ta kira ni ɗaki, ta ce ranar da na dawo daga Tarauni Inna ta fara rama sallolin nan, duka sittin, daga zaune, kaɗan-kaɗan, wata rana sai an tallafe ta. Na ce ai Malam ya ce sallarta ta yi. Mahaifiyata ta ce, “Ta ji. Cewa ta yi zuciyarta ce ba ta kwanta ba. Kuma ta hana a gaya maka, wai Maigida na son dutsen nan, kada ya tsane shi.”

Yanzu ni ma koyarwa nake yi, duwatsun da suka bi ta hannuna ba su ƙirguwa. Amma duk sanda na ɗora irin wannan a tafin hannu zan fara bayani, sai kunya da kewa su kama ni, in dubi masu saurarona tukuna. Allah ya jiƙan Inna, ya karɓi sallolinta, na farkon da na ramuwar.