Ɗorawar Kawu a Tsakar Gidan Wani

Shekarar da masu yanka fuloti suka gano garinmu, can wajen Gammo, kowa ya tayar da jijiyar wuya. Kurmin bayan gari suke so, da gonakin da suka kewaye shi. Aka yi ta zama a ƙofar gidan mai unguwa. Har maharbin da ya kusa ƙarar da zabin dajin wurin ya miƙe yana tambayar ina zomo da bushiya za su koma. Ranar na yi dariya, ban ɓoye ba.

Kawuna, ƙanin mahaifiyata, shi kaɗai hankalinsa ke kwance, kuma shi ya fara sayar da gonarsa. Da muka yi masa ca, sai ya dube mu kamar yara, ya ce ƙasa ya sayar, bai sayar da ɗorawarsa ba. A wajenmu haka abin yake: gona takan sauya hannu, itacen cikinta yana nan na mai shi. A kan ɗorawar nan amyarsa biyu suke rataye tun kafin a haife ni, kuma Kawu ya fi sanin lafiyar ƙudan zumansa fiye da ta 'ya'yansa.

Mai sayen ya ce ya ji, kuma gaskiya bai saɓa ba. Katafila ta share kurmin, ta kwashe kanya da aduwa da sabara, ta bar ɗorawa tsaye ita kaɗai. Bayan damina biyu sai ga ta a tsakar gidan wani ma'aikaci daga birni, cikin katanga mai ƙofar ƙarfe.

Da lokacin ɗiban zuma ya yi na raka shi. Kawu ya tsaya yana sallama don ya ga itacensa, ni kuwa ina ta tsokanarsa wai ya nemi ɗan mukulli. Maigidan mutumin kirki ne, ya kawo mana ruwa, har tsani ya ara mana.

Kawu ya hau da hayaƙinsa, amma hayaƙin bai yi amfani ba. Da hannu ɗaya ya sauko da amyar farko, ta biyun ma haka. Ba komai a ciki sai busasshiyar saƙa, ƙudan zuman sun yi ƙaura. Ya daɗe yana dubawa, tausayinsa ya kama ni.

"Gida na riƙe musu," in ji shi, "na manta da abin da za su ci."

Ya jingine amyar a gindin itacen, muka yi wa maigidan godiya muka fito.